Maiwada da Ƙaho Mara Nauyi

A bikin 'yar wani dillalin taki a Toranke Maiwada ya zauna cikin daron zoɓo. Ba zaman ganin dama ba ne. Da baya ya tafi, ƙaho a baki, farin wando a ƙugu. An zo daidai inda kiɗa yake hawa sama, inda ya saba ya kama murya ɗaya ya riƙe har mata su gaji da guɗa. Ya kama, jijiyar wuya ta miƙe, sai ƙahon ya yi wani kuka kamar an taka akuya, ya ɗauke ɗif. Ido ya juya, daro kuwa yana bayansa yana jira. Da aka ciro shi, daga ƙugu zuwa gwiwa ja wur, har da ƙanƙara a aljihu. Kafin babur ya kawo shi gida Balan, hotonsa ya riga shi isowa a wayoyin mutane.

Ɗanladi mai faci, wanda katanga ɗaya ta raba gidajensu, shi ya tare shi a ƙofar gida. Ɗanladi Babarbare ne, Maiwada Bafillace, don haka tsakaninsu babu wata kunya, ko da yake Maiwada ya kusa haifarsa.

"Sannu da zuwa, Baffa. An ce yau kai aka sa a lalle maimakon amarya, kuma ta baya aka fara."

"Matsa min, bawan gidanmu," in ji Maiwada, yana jan numfashi tsakanin kalma da kalma. "Ƙahon ne. Ƙahon ya toshe."

To, a gidan Maiwada kwanakin nan komai ya lalace in ban da Maiwada. Fartanya ta ƙara nauyi. Gugar rijiya an sake mata igiya mai tsawo ba a gaya masa ba. Keke ya yi tauri. Har masallacin Juma'a, in ka bi ta tasa, an ɗan ja shi gaba. Matarsa Hure ta ji ta ji, rannan ta ce masa, "Malam, ba guga ba ce fa." Ya yi kamar da kaza take.

Asalinsa ɗan masu shanu ne. Yana saurayi ya bar sanda ya shiga ɗan sanda, aka ga yana da ƙirji aka tura shi badujala wurin masu kiɗan fareti, aka ɗora masa ƙaho a hannu, irin mai madanni ukun nan. Shi ke nan, da shi da wannan ƙaho har furfura. Fareti cikin rana, tarbar manya, jana'izar abokan aiki, kwalin sigari kullum a aljihun gaba. Da ya yi ritaya an riga an kawo sababbin kaya, aka ce ya tafi da tsohon. Ya dawo Balan gonar ubansa da ƙahon a cikin baƙar akwati an ɗaure ta da robar taya.

Ƙahon nan tagulla ne mai kauri, ya yi baƙi inda yatsu ke kamawa, da lotsawa a gefe tun wata faɗowa da ya yi daga bayan mota. In ka ɗaga shi sai ka ce turmi ne ƙarami. Kuma yana da taurin kai: ka tura masa numfashi, ya turo maka. Maiwada bai taɓa sa bakinsa a wani ƙaho ba tunda yake, saboda haka a saninsa haka duk ƙahon duniya yake.

Noma yana yi, amma ba a san shi da noma ba. Abin da aka san shi da shi busa. Daga Gaya har Ajingi, in aka ji muryar nan ta tsaga sama da la'asar, an san ana kai amarya. Ko auren Ɗanladi da Sa'adiya shi ya busa, kyauta, tun daga bakin kasuwa har ƙofar ɗaki bai sauke ƙaho daga baki ba. Da Kamilu, wani matashi ɗan Gaya, ya haɗa 'yan kiɗansa na biki da fiyano da jita da gangunan jaz, da kansa ya zo ya durƙusa ya roƙi tsohon ya shigo. Masu kiɗan na'ura sun cika gari, amma mai ƙahon gaske Kamilu kaɗai ke da shi. Ranar biki Maiwada yakan goge takalmi, ya sa farare, ya bi ta gaban rumfar Ɗanladi ko kallonsa ba ya yi. In babu biki, tsoho ne mai tari a gindin dogon yaro.

Tarin nan Hure ta ja shi asibiti a kansa. Likita ya kara abin sauraro a bayansa, ya daɗe, ya ce huhu ya gaji, a bar sigari, a bar busa. Maiwada ya raba maganar biyu, ya ɗauki rabi. Sigari ya bari.

Bayan abin Toranke Kamilu ya zo da hantsi, ya cire takalmi tun daga zaure, ya tsuguna.

"Baba, ya jiki?"

"Jiki lafiya lau. Ƙaho ne ba lafiya."

Kamilu ya sosa ƙeya. "Baba, wallahi ni ba na son in faɗa. Mai bikin nan har yanzu yana kirana yana faɗa. Kuma ka san fiyanon nan akwai inda ake dannawa ya yi kukan ƙaho."

"Kukan ƙaho. Ai jaki ma yana kuka."

"Haka ne, Baba. Akwai bikin Gafasa bayan an yanke riɗi. Rakiyar ango ce, da ƙafa, daga bakin titi har gida. In ka kai mu lafiya, shi ke nan, maganar ta mutu. In kuma aka sake... sai dai ka huta, Baba. Ka yi mai wuyar."

Don ya sassauta maganar, Kamilu ya ciro waya ya nuna masa wani baƙin mutum na ƙasar waje, mai kiɗan jaz, yana busa wani siririn farin ƙaho. Da hannu ɗaya yake riƙe da shi, yatsu na gudu, murya na hawa tana sauka kamar ba numfashi ake kashewa ba. Kamilu so yake tsohon ya ga yadda zamani ya tafi. Abin da Maiwada ya gani daban.

"Ka gani ko? Ka ga nasa? Ba nauyi! Ni an bar ni da gatari ana cewa in yi aski."

Tun daga ranar ba shi da zance sai na ƙaho mara nauyi, mai sakin murya. Da aka kaɗe riɗi bai bari ya kwana a rumbu ba. Hure ta ce na cefanen rani ne fa. Ya ce ƙaho zai mayar. Ya ɗauki baƙar akwati, ya hau mota a Gaya, aka bi ta Wudil sai Kano, ya yi ta tambaya har aka nuna masa wani shago a Sabon Gari inda ake sayar da kayan kiɗa na gwanjo.

Yadda ake zaɓen fartanya haka Maiwada ya zaɓi ƙaho. Ya ɗaga wannan ya jijjiga a hannu, ya ajiye. Ya ɗaga wancan, ya ajiye. Har ya zo kan wani fari, siriri, mai faɗin baki. Da ya ɗaga shi sai da hannunsa ya wuce sama, don ya shirya wa nauyi bai samu ba. Ya goge baki, ya kafa, ya tattaro ƙarfi kamar yadda ya saba. Kafin ya tura, murya ta riga ta fita. Kamar mutum ya sa kafaɗa zai ɓalle ƙofa ya tarar ba a kulle take ba. Ya taka sama, ya ƙara takawa, sai ga shi a kan muryar nan da ta gudu ta bar shi a Toranke, tas, mai ƙara, har masu wucewa suka leƙo. Ya sauke ƙahon ya juya wa mai shago baya, wai yana duba jita, alhali ido yake gogewa.

Mai shagon bai ɓoye masa ba. Ya ce, "Baba, wannan buɗaɗɗe ne. Ba ya riƙe numfashi, duk abin da ka ba shi wucewa yake. Samari masu ƙirji su suke nemansa."

Kalmar samari ita ta ƙarasa cinikin. Kuɗin riɗi bai kai ba, sai mai shago ya ɗaga tsohon ƙahon, ya jijjiga shi a hannu shi ma, ya ce a bar wannan ya cike. Maiwada ko waiwaye bai yi ba. Akwatin kawai ya ɗauka.

A shago busa kaɗan ya yi, ya tsaya ciniki, ya sake busa kaɗan. A gida ma haka: yana zaune a kan tabarma, ya yi 'yar gajeruwa mai daɗi, ya ajiye ya sha ruwa, ya yi wa Ɗanladi gori ta kan katanga. "Kana ji, Babarbare? Ka ce kuma ni ne!" Ɗanladi ya ce ya ji, Allah ya sa a Gafasa kunun aya za a ajiye, ya fi dacewa da farin wando. Hure kuwa tana gefe tana saurare. Ita take jin yadda ƙirjin yake ƙugi bayan kowace busa.

Ranar Gafasa rana ta yi sanyi, jama'a sun cika bakin titi, ango da abokansa a gaba, a-daidaita-sahu ɗauke da lasifika da mai fiyano tana bin su a hankali. Maiwada ya ɗaga farin ƙaho, ya buɗe. Wanda duk ya je zai gaya maka bai taɓa jin tsohon ya yi busa irin ta farkon tafiyar nan ba. Murya ta fita wasai, tana juyi, tana wasa, abin da ya gani a wayar Kamilu har ya ɗan taɓa. Kamilu ya waiwayo yana dariya, ya ɗaga masa hannu.

Sai dai tafiya ce, ba zaman tabarma ba, kuma babu wurin ajiyewa a sha ruwa. A nan Maiwada ya gane abin da tsohon ƙahonsa yake yi masa shekara da shekaru. Taurin kan nan da yake zagi, shi yake tare numfashin, yana karɓa kaɗan-kaɗan, yana ba shi abin jingina. Wannan kuwa kamar ka zuba ruwa a yashi. Ya ba shi, ya shanye. Ya ƙara, ya shanye. Ya laluba ƙasan ƙirji inda yake ajiye na ƙarshe, ya ba shi, ya shanye bai ko gode ba. Ba a kai kwanar masallaci ba ya ji babu sauran abin bayarwa.

Wannan karon bai faɗi ba. Ya ja gefe, ya dafa katangar wani gida, ya sulale ya zauna, leɓe ya yi fari, baki a buɗe kamar kifin da aka jefo tudu. Yana gani Kamilu ya kalle shi, ya kalli mai fiyano, ya gyaɗa kai. Sai kukan ƙaho ya fito daga lasifika, ya ɗora daga daidai inda ya tsaya. Da aka zo wurin hawa sama, na'ura ta kama muryar ta riƙe, mata suka rangaɗa guɗa. Ko mutum ɗaya bai waiwayo ba. Taro ya sha kwana ya tafi, ya bar shi yana jin busarsa tana nisa ba tare da shi ba. Daga baya ya gaya wa Hure gara daron zoɓo sau goma, don a Toranke aƙalla an san ya daina.

Da ya ɗan farfaɗo ya sake hawa motar Kano, a kan a ba shi tsohonsa ko da me za a karɓa. Mai shago ya riƙe baki. Ya ce madannan sun cinye, babu mai busa da zai saya, 'yan jari-bola ya ba. A sikeli suka ɗora shi. Ya ce tagullar kirki ce, ta yi nauyi sosai.

Yanzu Maiwada ba ya zuwa gona, an ba da ita aro. Juma'a a babur ake kai shi. Barci a zaune yake yi, an tara masa matasai, don in ya kwanta ƙirji rufewa yake. Kamilu yakan aiko da shinkafar biki a leda, Hure ta karɓa ta yi godiya, shi ko buɗewa ba ya yi. Da la'asar sai ya sa a fito masa da tabarma gindin dogon yaro, ya ɗora farin ƙaho a cinya yana gogewa da tsumma, yana danna madannan suna tashi. Ba ya kai shi baki.

Rannan ana kai wata amarya ta bayan layi, kukan ƙahon fiyano na tashi, sai Ɗanladi ya taso daga rumfarsa yana goge hannu a riga. Ya daɗe bai tsokane shi ba, abin ya dame shi, kuma ya ga shirun ya fi tsokanar ciwo.

"Baffa, ni fa ina da shawara. Ko dai ka ba masu sayar da fetur abin nan su yi mazurari, ko kuma ranar biki in biyo ka da injin ba taya iska, in jona maka ta baya, kai dai danna kawai."

Maiwada bai ɗago ba. Ya gama goge bakin ƙahon, ya jira numfashi ya taru, don yanzu magana ma sai ya yi mata tanadi.

"Ni na san inda nawa numfashin ya tafi, bawan gidanmu. Amaren ƙasar nan na raka da shi. Har Sa'adiya da shi aka kawo maka ita, tun daga bakin kasuwa." Ya tsaya, ya yi tari, ya share baki. "Da na san abin da za ta tarar a ɗakin, wallahi da na adana na rannan. Da yanzu ina da shi."