Anti Mai Launi da Allonta na Fata Arba'in

Kafin kowa ya iso ɗakin zane, Anti Mai Launi ta riga ta ɗage labule, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta zauna. Shekara ashirin da bakwai ke nan tana shafa wa 'yan katun launi a kamfanin shirya finafinan yara, tun ana yi da fenti har aka koma kwamfuta. Sunanta yakan fito a ƙarshen shiri, daidai lokacin da yara suka watse.

Da ta fara aiki, launi ɗaya tak ta tarar an ware wa kowane baƙin yaro, wani ruwan ƙasa kamar tsohon kwali. Ta dube shi, ta dubi hannunta, ta ce, "Wannan ba ɗan kowa ba ne." Sai ta shiga bin mutane da burushi.

"Tsaya, Baba, kalarka nake so," ta ce da mai gadi.

"Ikon Allah! Kalar ma aronta ake yi?"

A haka ta haɗa allo mai launi arba'in, kowanne da sunansa: Goshin Direba, Kuncin Autata, Baba Mai Gadi Bayan Ya Sha Rana.

Rigima ta tashi ne a kan wata jarumar shiri, yarinya baƙa wuluk mai kitso. Manaja ya tsaya a bayan kujerar Anti.

"Anti, ɗan haska ta. Masu sayen shirin sun ce baƙi ba ya fitowa a talabijin."

"Ranka ya daɗe, hoton aurenka da ke ofis, haska ka aka yi?"

Manaja ya ce in ba za ta yi ba, akwai mai yi. Ta roƙi kwana uku. Ba ta taɓa fatar yarinyar ba. Hasken rana ta karkato mata, ta sa mata riga ruwan ɗorawa, ta ɗiga ƙyalli a kumatu. Ranar kallo, jaruma ta cika allon talabijin tana sheƙi.

"Kin ga? Da kika haska ta!" in ji Manaja.

"Ko ɗigo ban rage ba. Fitila na gyara."

Bayan mako biyu ya dawo a sanyaye. Ashe a gida 'yarsa ta manna hannu a talabijin tana ihu, "Baba, ni ce!" Ya dubi allon launi, ya yi gyaran murya.

"Anti, akwai tawa a ciki?"

"Lamba goma sha bakwai. Tun ranar da ka yi fushi na ɗauka."

Anti, watan nan kike ajiye aiki. Ke ce kika jure raini ba tare da kin sunkuyar da kai ba, har 'ya'yanmu suka ga fuskarsu a talabijin suka yi murna. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma da ta bar wa allon, duk ranar da aka ce ku haska wani yaro, ku tashi ku gyara fitila.