Allo Mai Kogi a Tsakiya

Kafinta ne, ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran akwatuna a tashar jiragen ruwa. Can ya yi abokai uku, kowa da irin darar ƙasarsu mai sarki da dawakai. A ta Dogo akwai kogi tsakiyar allo. A ta Mai Tabarau, sojan da ka kama yakan koma yaƙi a ɓangarenka. Kuku kuwa da sarauniyar da ke tasa darar yake taƙama. Kullum musu ke cinye musu hutun rana.

Da kafinta ya gaji, sai ya yanko katako ya haɗa allo guda. Ya zana kogin, ya bar sarauniyar, ya yarda kamamme ya sauya sheƙa. Kowa ya ce an cuci darar ƙasarsu, amma wannan sabuwar darar suka yi ta bugawa har furfura.

Yanzu shi kaɗai ya rage. Ran nan 'yarsa ta ce, "Baba, dokokin darar nan sun yi yawa, a rage mana."

Ya shafa allon da ya sha hannu har ya yi santsi, ya ce, "Wacce zan cire? Kowacce da mai ita."

Ta jawo kujera, ya fara jera mata dawakai.