Tokar da Na Zuba a Gidan Haya

Ruwan rijiyar gidan nan na Funtua zartsi ne. Ki goga sabulu har hannunki ya yi ja, kumfa ko ɗis, sai wata farar dauɗa ta taso saman ruwa. Ni kuwa ba zan zauna ina kallo fararen rigunan mijina su koma ruwan ƙasa ba. Shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai muka tare a gidan, maigidana yana akawun awon auduga a wajen Alhajin da ya gina shi. Ɗaki uku ne na haya, sai abin da Alhaji ke taƙama da shi, wato masai na zamani, wanda ake kora ruwa ya bi bututu ya faɗa wani rami mai murfin siminti a bayan katanga.

Maganin zartsi tun a gidanmu na Gozaki na san shi. Ki kwashi tokar murhu, ta karan dawa ta fi, ki zuba a kwatarniya ki cika da ruwa, ki bar shi ya kwanta. In kin tsiyaye na sama za ki ji ya yi santsi a hannu, sabulu ya kama kumfa. Abin da ya rage a ƙasa laka ce mai kauri, mai cin fata. A ƙauye salga ake juye ta, don toka na kashe wari da ƙuda, duk macen da ta san tsabta haka take yi. To ni ma haka na yi. Kullum na gama wanki sai in juye lakar a masai in bi ta da bokiti guda, har ina jin haushin 'yan gidan da ba wanda ya taɓa ce mini sannu.

Da damina ta kankama sai masai ya ƙi shan ruwa. Kwana biyu a tsakani ƙazanta ta dawo, ta malalo har bakin rijiya. Duba-gari ya zo ya toshe hanci, ya tafi ya sami Alhaji. Ran Litinin Alhaji ya shigo da kansa, ya tattare babbar riga a kafaɗa, ransa a ɓace.

"Duk wanda ya kashe mini masai, kafin Juma'a ya kwashe komatsansa," in ji shi.

Ɗakin da ke jikin namu wata tsohuwa ce a ciki da ɗanta, lebura mai dakon buhunan auduga. Maguzawa ne daga wani ƙauye bayan Tsiga, ba sa salla, kuma a gidan nan wannan kaɗai ya isa a ɗora musu komai. Iya nake ce mata. Ita ke jawo mini guga tun da cikina ya tsufa. Matar telan da ke ɗaki na uku, mai baki kamar reza, ba ta ko bari Alhaji ya rufe baki ba ta ce ai tsohuwa ce ke zuba dusar giya. Ƙarya take yi, ban taɓa ganin tukunyar giya a ɗakin Iya ba, kuma nan take na gaya mata haka. Na gaya mata da ƙarfi ma, don a lokacin ban san komai a kaina ba.

Ran Laraba da hantsi aka kawo birkila ya ɗaga murfin. Mu mata muka tsaya daga ƙofar baya muna leƙe. Ya zura ƙarfe a bututu, ya zaro shi da wani abu toka-toka, daskararre kamar tuwon jiya. Ya murza a yatsa.

"Alhaji, toka ce. Wannan rami ba salga ba ne. Akwai 'yan ƙwayoyin da ke cinye ƙazanta a cikinsa, ruwan toka kashe su yake yi, lakar kuma ta kwanta ta toshe hanya. Wani ya daɗe yana zubawa."

Gabana ya yanke ya faɗi. Na dafa bango. Kafin in haɗiye yawu matar tela ta ce yauwa, dama da toka suke tsafinsu. Alhaji ya gyaɗa kai, magana ta ƙare. Na waiga, Iya na kallona. Ta sha ganina ɗauke da kwatarniyar nan, wani lokacin ma ita ke kama mini. Ba ta ce uffan ba, ni ma ban ce ba.

Da maigidana ya dawo cin abincin rana na gaya masa. Ya ajiye lomar da ya ɗauka.

"Ke, rufe bakinki. Aikina da ɗakin nan duk a hannun mutum ɗaya suke. Ga ciki ya tsufa, ga damina. Ina za mu?"

"Su fa, ina za su?"

"Suna da ƙauye."

Na tsane shi a wannan rana, wallahi na tsane shi, amma na yi yadda ya ce, don tsoron da yake ji ni ma shi nake ji. Alhamis na wuni a ɗaki. Ina jin Iya ta bango tana kankare tukwanenta tana jera su, tana ta tari. Na kasa fita ko ɗibar ruwa. Da la'asar sai na ji an ajiye bokiti a ƙofata, cike.

Juma'a da safe Alhaji ya zo karɓar makullin ɗakin Iya. Ina bayan asabari, maigidana na tsakar gida yana gaishe shi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Alhaji, ni ce. Ni ke zuba tokar wanki, tun da muka zo. Iya ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba."

Maigidana ya sunkuyar da kai. Na riƙe asabarin ina jiran a ce mu kwashe kaya. Sai na ji Alhaji ya yi 'yar dariya.

"Matar Malam, ai kuskure ne, rashin sani. A kiyaye gaba."

"To Iya ta zauna ke nan?"

"Af, ai jiya na ba wani malamin asibiti ɗakin. Na riga na yi magana."

Ya karɓi makulli a hannun ɗanta ya fita. Na fito na durƙusa ina taya ta ɗaure tabarma, hawaye na zuba, ina cewa ta yafe mini. Ta karɓi igiyar daga hannuna ta ƙulle da kanta.

"Ran Laraba na jira ki, ɗiyata," ta ce. "Yau kam ba ta da amfani."

Ɗanta ya ɗora mata tukwane a ka, suka fita ana yayyafi.