Sunan da Ban Bayar Ba a Asibitin Gumel

Da safen nan ina bakin aji a Gagarawa, ko alli ban ɗauka ba, aka kira ni daga Ɗanzomo: Baba Hudu wanzami ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta. Sai rubutawa nake ina gogewa. Bari dai in faɗe shi yadda yake, don da hannuna a ciki.

Baba Hudu aminin mahaifina ne. Shi ya yi min askin suna, shi ya yi min kaciya, shi ya aske 'ya'yana uku. Har na zama malamin firamare, in ya gama min aski sai ya ɗan mari ƙeyata ya ce, "Tashi, boko dai bai gyara ƙeyar nan ba."

Da mahaifinmu ya rasu, kwana uku ya yi a zaurenmu yana karɓar gaisuwa kamar ciki ɗaya suka fito.

Sati biyu da suka wuce 'yata Hafsa, mai shekara biyar, ta kwanta da zazzaɓi. Wuya ya kumbura, ko kunu ba ya wucewa. Innarmu ta ce beli ne, a kira Hudu ya cire. Ni da nake karanta wa ɗalibai takardar faɗakarwa kan mashaƙo a asembili, ni ɗin nan na hau babur na ɗauko shi.

Ya danne harshenta da cokali, ya matso da fuskarsa yana leƙawa. Ta yi masa tari a fuska. Ya goge da hannun riga, ya ƙara dubawa, sannan ya mayar da askarsa cikin zabira.

Ya ce, "Wannan ba aikina ba ne. Ka ga farin abin nan da ya shimfiɗu a maƙogwaro? An tara mu wanzamai an nuna mana hotonsa. Mashaƙo ne. Rabona da shi tun ina saurayi, na ɗauka ya tafi ke nan. Tashi mu tafi Gumel."

Inna ta ce, "Haba Hudu, yau kai ma asibiti?"

Ya ce, "Yaya, in na sa aska a nan, gawa zan miƙo miki."

Ya bar zabirarsa a zaurenmu, ya rungume Hafsa a bayan babur, kanta a ƙirjinsa, tun daga Ɗanzomo har Gumel.

Da aka karɓe ta, wata nas ta zo da takarda. Ta ce in ba ta sunan duk wanda ya kusanci yarinyar, za a ba su magani kafin cutar ta kama su. Na faɗi sunana, na uwarta, na Inna, na yayyenta biyu. Sai ta ɗago ta ce, "Malam, ba ku dai kira mata wanzami ba ko?"

Ta san ni. Ƙannenta biyu a ajina suka yi.

Na ce, "Haba, ni?"

A lokacin Baba Hudu yana zaune a waje ƙarƙashin darbejiya yana jirana. In na ɗaga murya zai ji. Kunya ce kawai ta hana ni, kada a ce malamin makaranta guda ya kira wanzami. Na lallashi kaina da cewa ai cutar yara ce, me za ta yi wa dattijo mai ƙarfi kamarsa? Na fito na sa shi a mota ya koma gida.

Mu biyar muka sha magani. Hafsa ta warke, alhamdu lillahi. Shi ko ƙwaya ɗaya bai samu ba.

Ganina da shi na ƙarshe a kasuwar Sule Tankarkar ne, satin da ya wuce. Yana rumfarsa, ya naɗe wuya da rawani, murya ta dushe. Ya ce mura ce. Ya ciro dabino a aljihu ya ce, "Kai wa amaryata Hafsa, ka ce ta ci ta yi ƙiba, ba na son ramammiyar mata."

Na kalli wuyansa. Na ce, "Baba, da ka je an duba ka." Ya ce sai an tashi kasuwa.

Babur ɗina yana nan a gefen rumfar. Da na matsa masa, da ya hau. Amma in na matsa, sai na faɗa masa abin da na yi. Na karɓi dabino na koma Gagarawa.

Ashe sai shekaranjiya aka kai shi asibiti, numfashi ya riga ya sarƙe.

Kafin in tafi jana'iza na nemi lambar nas ɗin nan na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi min faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, da ka faɗa, da tare da ku za mu ba shi magani."

A maƙabarta babban ɗansa, Sani, ya riƙe hannuna ya ce Baba yana ta yabona, wai na ji magana na kai yarinya asibiti da wuri. Na kasa daurewa. Na ja shi gefe na faɗa masa komai. Da na gama ya ce, "Kwana ne ya ƙare." Amma ya zare hannunsa daga nawa, kuma ban ga laifinsa ba.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Hakan bai wanke ni ba. An tambaye ni, na yi ƙarya.

Don Allah, duk wanda Baba Hudu ya yi wa aski ko ƙaho a kwanakin nan, ya je asibiti yau. Mashaƙo ya dawo, kuma ba ya tambayar shekaru. A kai yara riga-kafi. In ma'aikatan lafiya suka nemi sunaye, a ba su duka, har wanda ake jin kunyar faɗa.

Ya Allah Ka gafarta wa Baba Hudu, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa ciwon nan ya zama kaffara, Ka tsare iyalansa, Ka ba su haƙuri.

Wanda ya karanta ya yi masa addu'a. In kun gama, ni ma ku roƙa min gafara, don wanda ya kamata in nemi yafiyarsa yau muka rufe shi.