Ranar da Na Kai Inna Wara a Motar Caji

Sana'ata haɗa sola ce. Masu noman albasa da shinkafa na bakin ruwa, tun daga Yelwa har Shanga, da yawansu ni na kafa wa farantan sola da injin ban ruwa. Lokacin da fetur ya yi tsadar da kowa ya ji a jikinsa, sai wani abokina mai sayar da motoci a Abuja ya kira ni, ya ce akwai wata 'yar mota mai caji da ta daɗe a wurinsa, kowa ya zo sai ya leƙa ya wuce. Ya ce, "Kai da rufin gidanka ya cika da faranti, ai da kai ta dace." Ban yi dogon tunani ba. A bayan babbar mota aka ɗauko ta, don babu inda za ta sha wuta a hanya.

Fara ce, gajera, bayanta a dunƙule kamar an kifa ƙwarya. Ranar da aka sauke ta, bakaniken unguwarmu ya zo taya ni murna. Ya ɗaga bonet, ya tarar da rami wayam, babu inji. Ya zagaya baya ya durƙusa yana neman salansa, nan ma babu. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce, "Malam, in dai irin waɗannan suka yi yawa, mu sai mu koma su." Muka yi ta dariya.

Sannu a hankali na koyi halinta. Wutar gari a wurinmu baƙuwa ce, ba ta faɗin ranar zuwa, ko da yake muna zaune ne a bakin tafkin da ake yin ta da ruwansa. Saboda haka da rana motar take cin abincinta. Matsalar ita ce maiɗakina tana da firiza, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, kuma farantan gida ɗaya ne. Da farko har mun ɗan yi ja-in-ja, daga baya muka raba rana. Safiya ta firiza ce. In hantsi ya ɗaga sai in jawo waya in cusa wa motar a hanci, don a nan gaba aka yi mata bakin cajin, ta yi ta zuƙa har la'asar. In ina da aiki a gona kuwa, sai in jona ta a farantan mai gonar, ni ina aiki ita tana ci.

Tana da wasu halaye na ban dariya. Mariƙin ƙofarta ɓuya yake a jiki, sai ka matso da makulli ya fito. Ba ta da ƙara ko kaɗan, awakin Yelwa da suka saba jin inji kafin su tashi daga kan titi sai su yi ta kallona ina kallonsu. In na ɗora buhun albasa a kujerar gaba, sai ta ɗauka mutum ne, ta yi ta kuka har sai na ɗaura wa buhun bel. Sannan akwai wata mace a cikinta da ke magana da yaren ƙasar da aka ƙera ta, wadda na rasa yadda zan yi in sa ta yi shiru. Allon gaba kuma yana nuna nisan da ya rage mata, amma wannan lissafi alkawarin tela ne. Da ka kunna esi, na'urar sanyin nan, sai ka ga ya zube.

Mahaifiyata, Inna, ta ƙi shigarta da farko. Ta ce abin da ke tafiya ba motsi ba numfashi, ita ba ta yarda da shi ba. Ranar da ta fara shiga, matar cikin motar ta yi magana, Inna ta waiwaya ta ce, "Mi ta ce?" Na ce gaisuwa ce. Inna ta gyara lulluɓi ta ce, "Lahiya lau, ya baƙunta?" Tun daga ranar suka shirya.

Da damina ta yi tsakiya, sai aka aiko cewa an yi wa ƙanen Inna jika. Kawun nan nawa yana wani ƙauye a bakin ruwa kusa da Wara. Masunci ne da ƙarfi ya fara ja masa baya, kuma shi Kirista ne, mu Musulmi, abin da bai taɓa hana mu cin tuwo a kwano ɗaya ba. Inna ta ce za ta je barka, kuma tana so ta kwana. Na ce zan kai ta amma a yini za mu dawo, don ina da aiki washegari. Ta ci gaba da haɗa kayanta.

An kwana biyu hadari bai bar rana ta fito sosai ba, cajin motar ya ɗan haura rabi ne kawai. Maiɗakina ta leƙa allon ta ce, "Baban yara, wannan zai kai ku ya dawo da ku?" Na ce zai kai, in dai ba mu kunna esi ba.

Ban yi lissafi da kayan Inna ba. Buhun shinkafa, jarkar man gyaɗa, ƙullin daddawa, turamen zane, har da tabarma sabuwa. Ban kuma yi lissafi da hanya ba, wadda ruwa ya mayar da ita ramuka da taɓo. Ba mu yi nisa ba Inna ta fara fifita da gefen mayafi, ta ce, "Kai, kunna mini sanyin nan mana. Ko don ado aka sa shi?" Wa zai ce wa uwarsa a'a? Na kunna. A wani wuri kuma garken shanu ya tare hanya, makiyayin yana gaba bai ji zuwanmu ba, muka yi ta bin su a baya kamar mu ma na garken ne, Inna tana yaba ƙibar wani bijimi. Ni kuwa idona yana kan allo, ina ganin caji yana narkewa.

Da muka isa, abin da ya rage ba zai kai mu ko rabin hanyar gida ba. Aka tarbe mu da murna, aka miƙa wa Inna jaririya, aka kawo mana fura. Da na sami Kawu shi kaɗai, na gaya masa halin da nake ciki. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ɗana, ashe dokin naka yunwa yake ji. Taso mu nema masa ciyawa."

Muka fara zuwa rumfar mai cajin waya da ke bakin gaɓa. Mutumin kirki ne, ya ce bismilla. Motata ta shiga layi tare da wayoyin masunta da fitilunsu. Ina jonawa inbatarsa, na'urar da ke ba wayoyin wuta, ta yi ƙara ta ɗauke, duk wayoyin suka mutu a lokaci guda. Na ba shi haƙuri, na tayar masa da ita, muka bar wurin mutane suna ta yi mana dariya.

Sai Kawu ya tuna da ɗakin sanyi na ƙungiyar mata masu sayar da kifi, wanda ke da faranti jere a rufi. Shugabarsu wata Hajiya ce mai jiki, mai murya kamar ta mai shela. Ta zagaya motar tana riƙe da ƙugu, ta sa na ɗaga bonet, ta leƙa ramin nan da babu inji. Na ga idonta ya yi haske.

Ta ce, "Wannan ramin, mi ake sa wa a ciki?"

Na ce, "Duk abin da aka ga dama, Hajiya."

Ta ce, "To ka sha wuta iya cikinka. Amma gobe kai za ka kai mu kasuwar Yauri, ni da kifinmu."

Na duba kayan solarsu, na ga za su iya ɗaukar motar in firizojinsu sun riga sun yi sanyi, amma a hankali, kamar ana cika randa da ludayi. Ko rana ta fito, sai an haɗa da hantsin gobe. Na koma na gaya wa Inna cewa kwana ya kama mu. Ko ɗago kai ba ta yi ba daga wasa da jaririya. Ta ce, "Awo. Ai na zo da tabarmata."

Da la'asar gari ya washe, Kawu ya ce tunda babu gaggawa, mu shiga kwalekwale. Ni na riƙe filafili, su biyu suna zaune a tsakiya. Da muka yi ɗan nisa, Inna ta sa na tsaya. Ta nuna wani wuri a kan ruwa, inda ni ban ga komai ba sai igiyar ruwa, ta ce a nan ƙasa tsohon garinsu yake, wanda aka tashe su daga cikinsa tana yarinya, lokacin da aka tare kogi ruwa ya hau. Kawu ya ce a'a, ya fi nan gaba, daidai wancan dutsen. Suka kama gardama, daga Hausa suka juya yarensu na gida, wanda rabona da jin Inna ta yi shi mai tsawo haka tun ina ƙarami. Suka tuno tsamiyar ƙofar gidansu da wata akuyar kakarsu mai satar gari. Inna ta yi dariya har ta share ido. Na taso ina jin labarin garin nan, amma sai ranar na san wajen da yake.

Washegari rana ta fito tas. Kafin azahar motar ta sami abin da zai kai mu gida har da ragowa. Hajiya da matan ƙungiya suka shimfiɗa leda a ramin gaba, suka zuba ƙanƙara, suka jera ragon ruwa da karfasa. Kwandunan banda suka cika but, ɗaya ya hau cinyar Hajiya. Kawu ya kawo wa Inna nata ƙullin kifin, ya dafa motar ya ce in riƙa barinta da yunwa in zan zo, don yayarsa ta riƙa kwana.

A hanya Hajiya ba ta rufe baki ba. Ta ce wannan ce motar da ta dace da mata, ana tafiya ana jin hirar juna. Muka sauke ta a kasuwa, abokan cinikinta suka taru suna kallon kifi yana fitowa daga inda ya kamata a ga inji.

Ƙarnin kifin nan kuwa ya zauna. Na wanke da omo, na goge da lemun tsami, maiɗakina ta turara mata turaren wuta har sau ba adadi. Sai da damina ta wuce kafin ya fita. A tsawon wannan lokaci, kullum na jona ta da hantsi, sai kyanwoyin unguwa su zo su kwanta a kan bonet, har da wata mai ciki da ban san ko ta wa ce ba.