Furar Inna ta Tsallaka Iyaka

Ana sallame sallar asuba muka bar Kazaure, ni da mahaifiyata Inna, cikin wata a-kori-kura mai tari kamar tsohon mashayin taba. Saƙo ne ya iso cewa ƙaninta, Kawu, da ke zaune a tsallaken Nijar, ciwo ya kwantar da shi, har idonsa ya tafi. Ga shi gwamnatocin biyu sun sa zare, kowace na zargin ɗayar da fasa-ƙwaurin fetur da hatsi, an rufe iyaka ruf. Na ce mu jira a buɗe. Inna ta ce daga ita har shi ba mai sauran shekarun jira.

Sabuwar kwaltar da kuɗin mai ya shimfiɗa ta raka mu wani wuri ta gaji, muka faɗa burji. Gero ya nuna ko'ina, ana ta girbi. A Babura muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya rame, kuɗinsa ya yi ƙiba. Kasuwar ce ta ba ni tausayi. Ina yaro, nan Buzaye ke sauke kanwa da dabino, 'yan canji na zube sefa da sulalla a tabarma ɗaya, idan an tashi mu bi jakin Kawu har ƙofar gidansa, ba wanda ya taɓa tambayarmu 'yan wace ƙasa ne. Yanzu rabin rumfunan wayam, sai awaki.

A bakin iyaka muka tarar da ganguna biyu da sanda a gicciye, soja na nan, jandarma na can, kowa ya sha mur. Na yi bayani, na yi magiya. Sojan ya ce umarni daga sama yake, ba mai wucewa.

Inna ta juya ta nufi cikin ƙauyen da ke bakin iyakar. Gonakin ƙauyen nan rabi a namu ɓangaren suke, rabi a nasu, kuma tun kaka da kakanni ba a tare macen da ta ɗauko wa masu aikin gona abinci. Ta shiga gidan wata ƙawarta ta ƙuruciya, ta tuɓe leshi da takalmi, ta ɗaura tsohon zane, ta dama fura da hannunta, ta aza ƙwarya a ka.

“Kai zauna nan,” in ji ta. “Ka taɓa ganin ƙato ya kai fura gona?”

Ina kallo ta bi ta cikin karan gero. Sojan ma ya gan ta, sai ya juya yana gyara igiyar takalminsa. Ni kuwa na zauna gindin tsamiya, kewar Kawu ta cika mini ciki.

Bayan azahar ta dawo, ƙwarya wayam, idonta jawur. Muka kamo hanyar gida, da duwatsun Kazaure suka bayyana ta ba ni labari.

“Bai gane muryata ba,” ta ce. “Sai da ya kurɓa, ya ce, ‘Wannan yajin na Yaya ne.’ Ya shanye tas, alhali an ce rabonsa da abinci an kwana biyu.”

Ana kiran magariba muka shiga gida. Tafiyar nan ta koya mini cewa manya na iya toshe titi, amma hanyar gona ta fi ƙarfinsu. Sai dai hanyar ta masu ƙwarya ce. Ni kuwa, wanda Kawu ya yi ta ɗorawa a jakinsa, ban gan shi ba, kuma jikina yana ba ni cewa ba zan ƙara ganinsa ba.