Farar amaryar da ke cikin hotona

Can shekarun baya, ina koyarwa a wata firamare a nan Suleja, aka sa mini rana da wani ɗan Kano mai aiki a Abuja, yana haya a unguwar Wambai. Ni baƙa ce wuluk, irin mahaifina. Ban taɓa ɗaukar hakan a bakin komai ba, don shi da bakinsa yake cewa baƙin nan ne ya ja shi. Ni kuma, sakarya, sai in yi ta murmushi ina wasa da bakin mayafi.

Saura wata biyu biki ya ce sai mun yi hoton kafin aure, don duk abokan ofishinsu sun yi. Mahaifiyata ba ta so ba. Ta ce, "Ku da ba a ɗaura ba, tsayuwar me za ku yi kafaɗa da kafaɗa?" Kwana uku ina lallaɓa ta kafin ta amince, da sharaɗin ko hannuna kar ya taɓa.

Na shiga shiri kamar wadda za a naɗa sarauta. Shi shadda ruwan toka, ni leshi mai shigen kalarta. Sau huɗu ina komawa wurin tela a kan kafaɗar riga kawai. Ga kitso, ga lalle, ga dilka. Ana cikin haka ya kawo mini kwalbar wani mai a leda, ya ce in riƙa shafawa safe da yamma don hoto ya fito da kyau. Kwana huɗu wuyana ya fara raɗaɗi yana saɓa. Mahaifiyata ta shinshina kwalbar, ta wurga ta bola. Da na gaya masa sai ya ce ba komai, akwai dabara. Ban tambaye shi wace dabara ba.

Mai hoton wani ɗan kudu ne mai barkwanci, shagonsa na bakin titi. Awa uku muka yi yana juya mu. "Madam, kalli oga. Oga, gyara hula." Na yi dariya har kwallina ya zubo. Wallahi na ji daɗin ranar nan, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai yanzu.

Mako biyu ina tambayar angon nawa, yana cewa hoto bai fito ba. Sai ga gwaggonsa da yayarsa sun taso daga Kano ganin amarya. Na kai musu ruwa da lemo, na durƙusa na gaishe su. Gwaggon ta amsa da fara'a, ta ce, "Sannu 'yan mata. Je ki ce wa amaryar tamu ta daina ɓuya, mun sha hanya."

Mahaifiyata ta ce, "Ai ga ta nan a gabanki, Hajiya."

Yayar ta ciro waya, ta kalli wayar, ta kalle ni, sannan ta miƙa wa mahaifiyata. Na leƙa. Leshina ne, lallena ne, ɗaurin ɗankwalina ne. Amma matar da ke tsaye kusa da shi fara ce tas, har hancin ma an ja mata. Ashe tuni ya tura hoton gidansu. Mahaifiyata ta mayar da wayar, ta ce, "Wannan kam ban haife ta ba."

Washegari na dira shagon mai hoto da faɗa a bakina. Bawan Allah ya ɗaga hannu biyu, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Madam, ba laifina. Na farko na yi shi daidai. Oga ya dawo sau uku, kullum ya ce ƙara fari." Ya buɗe mini na asalin a kwamfuta. Na yi kyau, wallahi na yi kyau. A nan hawaye suka zubo mini.

Da na kira angon nawa ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Haba, kowa fa yana gyara hoto. A gidanmu farare ake aurowa. So nake su kwantar da hankali tukuna, in an ɗaura ai shi ke nan."

Na ce, "To in an ɗaura, wacce za ka kai musu?"

Ya ce ina da taurin kai. A makon nan kawuna ya mayar musu da kayan sa rana. Unguwa ta ɗauka: wance ta fasa aure a kan hoto. Har yau akwai masu ganin wautata, kuma na daina yi musu bayani.

Ban yi nadama ba, amma ƙarya nake in na ce ya wuce. Har yanzu in za a ɗauke ni hoto sai na ji gabana ya faɗi, kuma shi ya bar mini wannan.

Mai hoton ya wanke farin babba, ya kafa a gaban shagonsa yana talla. Ban ce ya cire ba, don ba wanda ya taɓa gane ni. Kwanaki muna cikin Keke Napep da wata sabuwar malamar makarantarmu, cunkoso ya tsayar da mu daidai wurin. Ta taɓo ni ta ce, "Kalli waɗannan, masha Allah, sun dace."

Na kalli leshina a jikin matar, na ce, "Sun dace kam."